Kokon Maman Ɗanladi

Wata takwas Salamatou ta yi tana haɗuwa da tsohuwar nan a lif ɗin gidan hayarsu da ke unguwar Panyu, ko tarinta ba ta taɓa ji ba balle magana. 'Yar firit ce a keken guragu, kai fari fat, jikarta Siu-ling na tura ta. Ita kuwa Salamatou 'yar Maraɗi ce, karatun haɗa magunguna ya kawo ta Guangzhou. Tsakaninsu gaisuwar ni hao ce da murmushi, shi ke nan.

Ran wata Talata da safe ta faɗa lif a makare, tana waya da yayarta tana ta mita. Tana kashe wayar sai ta ji an ce:

"Ke 'yar nan, ba kya gaida mutane ne?"

Ta duba wayar ko ba ta katse ba. Ta ɗaga kai ta dubi rufi, har ta fara jan addu'a. Ashe tsohuwar ce ta kafe ta da ido, kuma Hausar nan ta Kano ce tsantsa. Salamatou ba ta san sanda ta durƙusa ta ce ina kwana Iya ba. Aka amsa mata da lafiya lau, aka tambayi mutan gida, sannan tsohuwar ta riƙo bakin mayafinta ta ce, "Koko." Jin haka sai Siu-ling ta fashe da kuka.

Ranar dai ba a je aji ba. A hawa na goma sha huɗu Siu-ling ta zazzage mata gwangwanin tsofaffin hotuna, ta ba ta labarin kakar da Sinanci. Sunan tsohuwar Leung Wai-fong, shekararta tamanin da bakwai. A wani ƙauyen masunta aka haife ta, wanda yanzu benaye suka cinye. Ta ƙetara Hong Kong tana budurwa, ta auri wani mai gyaran inji, aka ɗauke shi aiki a wani kamfanin kwanuka a Bompai, ita kuma ta bi shi Kano ko zo na kashe ka ba ta ji. Shekara arba'in da ɗaya ta yi a can. Ga ta nan a hoto cikin anko tsakiyar matan ma'aikata, ga ta kuma riƙe da muciya tana dariya. A bayan wani katin biki an rubuta "Maman Ɗanladi". Siu-ling ta ce su duk zatonsu sunan kamfanin ne.

Ɗa guda ta haifa, mahaifin Siu-ling. Da ya shekara bakwai mijin ya dage kan yaro ba zai tashi bai iya rubutun iyayensa ba, aka sa shi a jirgi zuwa wurin yayanta a Guangzhou. Yaron ya girma a hannun kawu, Hausa ta zube masa tas, uwa ta zama wasiƙa da hoto. Sai bayan an binne mijin a Kano ya je ya ɗauko ta.

To, shekara biyu ke nan ƙwaƙwalwarta ta fara zamewa. Yarensu na Kanton ya riƙa tsiyayewa kaɗan-kaɗan, har ya zama ba abin da ya saura a bakinta sai wannan harshe da ba mai ji a gidan. Ɗan nata ma ta daina gane shi. Yau kwana biyar ba ta sa komai a cikinta ba sai ruwa, kalma ɗaya kawai take maimaitawa. Koko kuwa a yarensu shi ne yaya namiji, yayan nata kuma ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Dattawan dangi sun ce wanda ya fara kiran matattu to sun zo tafiya da shi ne. Uban Siu-ling har ya sa a ɗinka kayan binnewa, kuma ya yanke ranar Alhamis za a kai ta asibiti a sa mata robar abinci ta hanci. Abin da ya fi ci masa rai, in ji 'yarsa, shi ne wadda ta ba da shi ga yayanta, yau ma yayan take kira ba shi ba.

Salamatou ta rasa dariya za ta yi ko kuka. Ta matsa ta tambayi tsohuwar, koko na sha take nufi ko yayanta. Tsohuwar ta watsa mata harara ta ce wannan wace irin tambaya ce. Amsar ke nan, kuma wallahi ba ta fitar da kowa daga duhu ba. In ta dama aka ƙi sha fa? Ta sa wa mutane rai a banza ke nan.

Duk da haka ta hau jirgin ƙasa zuwa Tianxiu, inda shagunan kayan 'yan Afirka suke. Shago uku ana ce mata mei you, babu gero, sai da ta haƙura da ɗan mitsitsin geron nan rawaya na Sin. Ta jiƙa, ta markaɗa da citta da kanumfari da ɗan barkono, ta tace, ta bar gasarar ta kwana. Safiyar Alhamis ta dama, ta hau sama da kwano a rufe.

Uban Siu-ling na tsaye a falo, dogon mutum mai furfura, ya ɗauki hutu daga aikinsa na tashar jiragen ruwa ta Huangpu. Ya yi mata godiya ta ladabi irin ta wanda bai yarda ba. Tsohuwar ta shinshina kwanon, ta ce bai yi tsami ba, wace ce ta dama wannan. Da aka kai mata cokali baki sai ta ture, ta kau da kai. Mutumin ya ɗauki makullin mota, ya ce wa 'yarsa ta ɗauko jakar asibiti.

Salamatou ta ce, "Iya, don Allah ko cokali ɗaya."

"Yaro bai karya ba ni zan sha? Kira min shi, zai makara."

"Wane yaro, Iya?"

Tsohuwar ta yi tsaki, ta ɗaga 'yar muryarta ta kira Ɗanladi, har da jan ƙarshen sunan irin na uwar da ta gaji da kira.

Daga bakin ƙofa aka ce, "Na'am."

Uban Siu-ling ne, shi kansa sai da ya taɓa bakinsa. Ya dubi 'yarsa, ya dubi Salamatou, bai san abin da ya faɗa ba, bai kuma san daga ina ya fito ba. Ya ajiye makullin, ya tako ya durƙusa a gaban keken. Tsohuwar ta ɗebo, ta hura, ta kai masa baki, koko na zuba a kan farar rigarsa. Cokali huɗu ya sha hawaye na gangaro masa. Ta tambaye shi ko ya ƙoshi. Bai gane ba, sai da Salamatou ta gyaɗa masa kai, shi ma ya gyaɗa.

Sannan Maman Ɗanladi ta goge masa baki da tafin hannunta, ta jawo kwanon gabanta, ta fara sha.