Amsa-kuwwa a Gwangwanin Madara

Shekarar da aka kai ni koyarwa Mayahi na haɗa wa gitata wani ɗan akwatin sauti da hannuna. Kayan cikinsa daga Maradi na sayo, jikinsa kuwa gwangwanin madara ne na huda. In na kaɗa gitar, sai ya maimaita sautin kamar amsa-kuwwa. Sai dai maimaicin gajere ne, kafin kunne ya ji daɗinsa ya mutu. Ni dogo nake so, in taɓa tsirkiya ɗaya, in dakata, sannan ta dawo mini.

Wata Asabar da babu lakwal, wato makaranta, na ɗauki akwatin da gitar na shiga mota zuwa Tasawa wurin kawuna, ƙanen mahaifiyata. Gyaran rediyo yake yi a rumfa kusa da tasha tun ban san kaina ba. Ya buɗe gwangwanin, ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Mushe, kai ka yi wannan ɗinkin?" ya ce. Mushe ake ce wa malamin lakwal a wurinmu.

"Ni ne, Kawu."

"To, ba laifi. Dalmar dai ta yi yawa, kamar kana yaɓen ɗaki."

Ya nuna mini wani ɗan abu mai zane-zane, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba. Ya ce shi ke ƙayyade tsawon jiran. In aka sa wanda ya fi shi ƙarfi, amsar za ta daɗe, amma muryarta za ta dushe. Na ce a gwada.

An ɗauke kuran ranar, babu wutar lantarki, don haka a garwashin mai shayi muka ɗumama ƙarfen narka dalma. Hannun Kawu ya fara rawa a shekarun nan, sai ya miƙo mini ƙarfen, shi yana faɗin inda zan taɓa. Muka sa batir, na kaɗa. Amsar ta daɗe ƙwarai, amma ta zo da wani siririn kuka kamar na sauro.

"Mun ɓata shi," na ce.

"Ba mu ɓata ba, mun zarce ne."

Ya jawo kwalin matattun rediyo, ya ciro wani ɗan ƙullutu da zai shanye kukan, da maɓallin murɗawa na wata tsohuwar rediyo, don in riƙa tsawaita jiran ko in rage yadda na so. Sau biyu ina ƙona yatsa kafin mu gama.

Da na sake kaɗawa, sautin ya tafi, ya jima, ya dawo a dishe, da ɗan shuu a bayansa kamar tsohon kaset. Kowace dawowa ta fi ta baya dushewa, har ta narke. Ba tsabtataccen sauti ba ne, amma ya kwanta mini a rai. Kawu ya jingina da ginshiƙin rumfa, ya ce in yi a hankali, ban da gaggawa. Mai shayi ya kawo mana kofi biyu, ya tsaya bai koma ba.

Da la'asar na iso gida, na tarar da matata tana ɓarar wake a tsakar gida. Na zauna a gefen tabarma na kaɗa mata. Ta saurara, hannunta bai tsaya ba.

"Kamar wani na amsa maka daga bayan katanga," ta ce. "Mura yake yi, amma ya iya. Ƙara murɗa abin nan mu ji."

Na murɗa. Ta turo mini ƙwarya da ƙafa, ta ce tunda yanzu akwai mai riƙe mini kiɗan, in ɓare ko kaɗan kafin ya dawo.