Yadda Sukundireba Ta Hana A Share Injin Babanta

Tana 'yar shekara tara ta samu sunan. Wani kwastoma ya kawo rediyonsa shagon babanta, Baba ya fita salla, ita kuma ta kwance rediyon kaf, ta jera sukurorin a murfin kwano, ta mayar da komai. Rediyo ya yi magana, amma sukurori uku suka rage a murfin. Baba bai dake ta ba. Cewa ya yi ta sake kwancewa ta nemo wa kowanne gidansa. Daga ranar 'yan layin suka laƙaba mata Sukundireba, sunan ya bi ta makaranta, ya bi ta gidan miji. Mijin ma haka ya ajiye lambarta a wayarsa.

Baba ya yi shekara talatin yana gyaran rediyo. Da mutane suka daina kawo gyara, sai ya sayo wani tsohon injin yankan sitika, irin wanda kwamfuta ke ba umarni yana yanka haruffa a jikin leda mai gam, a liƙa a allon shago ko a jikin mota. Da shi ya ƙarasa rainon 'ya'yansa. Da idonsa ya fara dushewa, ita ta karɓi shagon. Shi kuma bai yarda ya zauna a gida ba. Kullum yana kan bencinsa na bakin ƙofa, sanda tsakanin gwiwoyi, kunne a kan injin.

Karatunta bai wuce sakandare ba. Sauran duk a waya ta koya, tana tsaye tana ɓare sitika da hannu ɗaya. Kamfanin da ya ƙera injin ya daɗe da rufewa, faifan da ya zo da shi ma ba ya aiki a kan komai. Abin da ya cece su shi ne babbar manhajar nan da ke tafiyar da kwamfuta wadda ba ta da mai ita, wadda dubban mutane a duniya ke haɗuwa suna rubutawa, kowa yana da izinin leƙa cikinta ya gyara. A cikinta wani bawan Allah ya taɓa rubuta 'yar manhajar da ke tafinta tsakanin kwamfuta da irin wannan injin. Direba suke ce mata. Shekara bakwai shagon yana ci da wannan direban.

Sai wata Talata ta sabunta kwamfutar. Ta sa aikin wani mai kemis, injin ya yanka rabin sunan shagon, ya tsaya cak, wuƙarsa a cikin ledar. Ta kashe ta kunna. Ya sake. Ta koma tsohuwar manhajar, injin ya yi aiki sumul, amma fayilolin da kwastomomi ke turowa yanzu ba sa buɗewa a kanta. Gaba babu inji, baya babu aiki.

Ta shiga intanet tana tono, har ta faɗa zauren da masu rubuta manhajar ke muhawara ta imel. Can ta ga sunan injinta a kan wani saƙo. Wani daga cikin manyansu ne ya rubuta, mutumin da aikinsa share tsofaffin abubuwa, shi ya sa tun a ranar ta sa masa Mai Tsintsiya. Ya ce shekara shida babu wanda ya taɓa direban nan, an ce ya lalace, kuma babu mai injin da zai gwada. Idan kwana goma suka wuce babu wanda ya fito, zai share shi. Mutum huɗu sun riga sun amsa masa da goyon baya.

Ta karanta wa Baba.

"Wato mu ba mutane ba ne," in ji shi.

"Ba su san muna nan ba, Baba."

"To sanar da su, Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa bai taɓa kiranta da wani suna ba.

Ta zauna ta rubuta da iya Turancinta. Ta gaishe su, ta tambayi iyalansu da aiki, ta ba da tarihin shagon, ta ɗauki hoton allon kwamfutar da waya ta haɗa. Kafin ta gama shan ruwa amsa ta iso. Layi biyu. Mai Tsintsiya ya ce hoton allo ba rahoto ba ne, idan da gaske take ta nemo canjin da ya ɓata direban. Ko gaisuwar bai amsa ba.

"Wannan ko a gidansu ba a gaida shi," ta ce, tana buga linzamin kwamfutar a tebur.

"Rabu da halinsa. Me ya ce ki yi?"

"Tsakanin tsohuwar manhajar da sabuwa an yi canji kusan dubu huɗu. Wai in nemo guda ɗaya."

Baba ya yi dariya har sandarsa ta faɗi. Ya ce shi kam bai taɓa bin rediyo waya-waya ba. Tsakiya yake taɓawa. Idan sauti ya iso tsakiya, cutar tana gaba. Idan bai iso ba, tana baya. Rabi ya tafi ke nan, sai a sake raba abin da ya rage. Ta tsaya tana kallonsa. Ta koma ta bincika, sai ga shi masu manhajar ma haka suke yi, har da kayan aikin da suka tanada don hakan. Za ta haɗa manhajar kamar yadda take a tsakiyar canje-canjen, ta gwada injin, ta ce "lafiya" ko "ya mutu", kayan aikin ya sake raba mata. Dubu huɗu, gwaji goma sha biyu kacal.

Sai dai kowane haɗi awa uku yake ci a tsohuwar kwamfutarta, fankar ciki tana kuka kamar za ta tashi sama. A rana ta biyu aka ɗauke wuta saura minti goma a gama. Ta leƙa shagon maƙwabcinta, Mai Walda, mutumin da ya girme ta da shekara goma kuma bai taɓa barin ta ta wuce ba tare da tsokana ba.

"Yaya, ja min waya daga janaretanka."

"Injiniya da kanta? Na ji an ce da Turawa kike faɗa."

"Ban san ko su waye ba. Mutum ɗaya ne dai, kuma zai gane kurensa."

"Idan kin ci su, allon shagona fa? Wata uku ina roƙo."

"Mita uku zan yanka maka, har da hoton ƙyauren da ka ƙera ya ƙi rufuwa."

Ya ja mata wayar yana dariya.

A shagon akwai dokar da Baba ya kafa tun farko: ba a gwaji da sabon naɗin leda. Akwai kwali a ƙarƙashin tebur cike da ragowar leda, guntaye da dogaye, da su ake gwada wuƙa. Ita ma bin dokar ta yi ba tare da tunani ba. Duk lokacin gwaji sai ta zura hannu a kwalin, abin da ya zo shi ke nan. Wani lokaci injin ya yanka ya gama, ta ce lafiya. Wani lokaci ya tsaya, ta ce ya mutu.

Ranar kwana na biyar kayan aikin ya fito mata da canji guda, da sunan wanda ya rubuta shi. Mai Tsintsiya ne. Ta miƙe tsaye ta yi tafi ɗaya. Wannan karon ba ta gaishe da kowa ba. Ta rubuta cewa ga mai laifin nan, wanda ke son share direban shi ne ya kashe shi da hannunsa, ta aika wa zauren gaba ɗaya.

Amsar ba ta daɗe ba. Ya ce canjin nasa alamar batirin kwamfutar hannu kawai ya taɓa, ya tambaye ta ko injin nata yana da batir. Wani ya shigo ya ce sakamakon nan ba zai yiwu ba, tabbas ta yi kuskure a gwaji. Wani ya ce a daina ɓata lokaci a share. Ta karanta su duka, ta kife wayar.

Baba ya bar ta ta huce, sannan ya ce, "Kunna min shi in ji."

Ta ɗauko guntuwar leda ta sa. Injin ya yanka ya gama.

"Sa doguwa."

Ta sa wata mai tsawon hannu biyu. Injin ya yanka layin farko, ya ɗaga wuƙa, ya fara jan ledar baya don ya kama layi na biyu. Yana cikin ja ya tsaya.

"Kin ji? Injin nan ba a yanka yake mutuwa ba, a ja yake mutuwa. Kwana biyar ina jin sa. Guntuwa ba ta da nisan da zai ja, shi ya sa take wucewa."

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Kin tambaye ni? Da mutanen waya kike magana."

Ta zauna a kan kwalin ragowar. Duk inda ta ce lafiya da guntuwar leda, ƙarya ta faɗa wa kayan aikin, shi kuma ya bi ƙaryar ya kai ta ƙofar wanda bai ci ba bai sha ba. Amma duk inda injin ya mutu, da gaske ya mutu, waɗannan ba sai ta sake su ba. Ta ƙirga, gwaji takwas ya rage mata, kwana biyar. Kuma kowanne sai da doguwar leda.

"Naɗi guda zai ƙare, Baba."

"Cire wuƙar. Ja muke son ji, ba yanka ba."

Ta cire wuƙar, ta sa sabon naɗi, shi ɗin dai ta yi ta amfani da shi. Kwastomomi na zuwa tana ba su haƙuri. Mijinta ya riƙa ɗauko yara daga makaranta, yana aiko mata da saƙo wai ya ji an ce an ba ta aiki a ƙasar waje ba ta faɗa masa ba. Baba ya zama alƙalin gwaji. Tun kafin ta dubi allo zai ce, "Wannan ya mutu," ko kuma, "Wannan yana da rai."

Ranar kwana na tara da hantsi canjin gaskiya ya fito. Wani ne ya sa kwamfuta ta riƙa kwantar da duk wata kafar da aka jona na'ura idan na'urar ta yi shiru na daƙiƙa biyu, don a rage cin wuta. Sababbin injuna suna farkawa da kansu. Nata tsoho ne, idan yana jan leda ba ya cewa komai, sai kwamfuta ta ɗauka ya gama ta rufe masa ƙofa. Ta karanta canjin sau biyar, ta gano akwai jerin na'urorin da aka ce kar a kwantar da su. Ta ƙara injinta a jerin. Layi uku. Ta haɗa, ta gwada, injin ya ja ledar har ƙarshe ya dawo.

Ta rubuta wa zauren. Ta fara da cewa ta zargi mutum ba da hakki ba, ya yi haƙuri. Ta bayyana kuskurenta na guntaye, ta jera gwaje-gwajen takwas, ta haɗa gyaran. Mai Tsintsiya ya dawo mata da shi, ya ce ta gwada cire wayar injin ta mayar yana cikin aiki. Ta gwada ta aika. Ya sake dawo da shi, ya ce ta rubuta dalilin a jikin gyaran yadda wanda zai karanta bayan shekara goma zai gane. Ta ciji leɓe ta rubuta.

Washegari da la'asar saƙonsa ya shigo. Ya ce an karɓa, kuma ya janye maganar sharewa. Ya ce aiki ne mai tsabta, bai taɓa ganin wanda ya kama irin wannan matsalar da kunne ba, a gaida mahaifinta. Amma direban yana buƙatar mai kula da shi, kuma ita kaɗai suka san tana da injin. Idan ta yarda, za a rubuta sunanta a jerin masu kula, duk wanda zai taɓa wannan ɓangaren sai ya bi ta kanta.

"Ashe ya iya gaisuwa," in ji Baba.

Ta amsa da kalma ɗaya, ta yarda. Kafin sati ya zagayo mutum uku daga ƙasashen da ba ta taɓa zuwa ba sun rubuto mata. Duk irin injin gare su, duk sun ture shi gefe sun ɗauka tsufa ne ya kashe shi. Ɗayansu hoton allo ya turo. Ta gaishe shi da kyau, sannan ta koya masa yadda ake rubuta rahoto.

A ranar da aka karɓi gyaran, ta mayar da wuƙar, ta sa naɗin nan da ya sha ja, ta tura aikin Mai Walda. Yana tsaye a bakin ƙofa da tabarau a goshi yana cewa kar fa a sa masa ƙyauren nan. Injin ya yanka layin farko, ya ɗaga wuƙa, ya fara ja. Mita ɗaya, mita biyu. Baba ya karkatar da kai. Mita uku. Wuƙar ta sauka ta kama layi na biyu.

Baba ya gyara zama a bencinsa.

"Uwata, sukurori nawa suka rage?"

"Ko ɗaya, Baba."