Ranar da na kai Inna ganin layun Misira

Shekarun baya, ina karatu a College Park da ke Amurka, matata ta haifi 'yarmu ta fari, mahaifiyata ta taso daga Katsina ta zo mana jego a Gaithersburg, garin da muke zaune. Kwana biyu da saukarta na ga laya a ƙugun jaririya. Ni kuwa zango ɗaya kacal na yi a darasin addinan mutanen da, amma ji nake kamar ni na haƙo Fir'auna. Na ƙudura sai an cire layar nan, ba tare da Inna ta yi fushi ta haɗa kayanta ba.

Sai na ƙulla dabara. Ran Asabar na ɗauke ta zuwa wani gidan tarihi a Washington, wai buɗe ido. Na ja ta har gaban gilashin da aka jera layun Misirawan da, na gyara murya.

"Inna, kin ga asalin abin. Limaman gidan gunki ke yin su, su ba mutane. Malaminmu ya ce a wasu ƙasashen, wanda ya yi ba da izininsu ba, shi ake kira boka."

"To," in ji ta, "ashe tun can malami da boka ke rigimar kasuwa."

Ta gyara tabarau, ta nuna wata 'yar mitsitsiya. Na karanta mata bayanin da ke jiki: ta jarirai ce.

"Yaron ya rayu?"

Na duba sama, na duba ƙasa. Ba a rubuta ba.

"Karatun naku ke nan," ta ce. "Uwar nan zazzaɓi take tsoro. Ni uku na binne kafin kai, ko yaye ba su kai ba."

Na san da maganar, amma ban taɓa jin ta daga bakinta ba. Kunya ta rufe ni, lacca ta ƙare.

Matata ce ta fi ni wayo. Duk ranar rigakafi sai ta tafi da Inna asibiti, Inna ke riƙe jikarta a yi allura. Ana gobe Inna za ta koma Katsina, da hannunta ta kwance layar ta jefa a jaka. "Na ga kuna da naku malaman," ta ce tana dariya.

Har yau ra'ayina kan laya bai sauya ba. Amma tun daga ranar, kafin in ja wa tsohuwa aya a kan abin da ta ɗaura wa yaro, sai na fara tambayar kaina 'ya'ya nawa ta binne.