Farin Goron Kaka

Ina da shekara bakwai aka ɗauke ni daga Zangon Kumasi aka kai ni ƙauye wajen kakata, wai na fiye ciwo, iskar daji za ta gyara ni. Kaka tana da gonar goro a bakin kurmi, kuma ba ta da haƙuri da yarinyar da ke tafiya ido a ƙasa. Muna cikin tafiya sai ta tsaya cak ta ce, "Wane tsuntsu ne ya yi kuka?" In na ce ban sani ba, kunnena ya sha ja. A wajenta na koyi fasa kwanson goro, da jiƙa shi a ɓare farar fatar, da jera shi cikin ganye kada ya bushe. Akwai wani itace guda a bakin rafi mai farin goro, ɗacinsa gajere, zaƙinsa sai ka kurɓi ruwa yake zuwa. Shi Kaka take ci, ba ta sayar da ko ɗaya.

Ranar da zan koma Kumasi makaranta ta ba ni tsironsa a gwangwanin madara. Na dasa shi a bayan gidanmu, inda ruwan wanke-wanke ba ya yankewa. 'Yan gida suka yi ta min dariya, wai goro a Zango sai dai a huhu. Ya shekara tara kafin ya yi fure, Kaka ba ta ga furen ba. Bayan rasuwarta 'yan galamse, masu haƙar zinariya, suka mai da gonar ramuka, rafin ya koma launin koko. Itacena kaɗai ya rage daga irin nata.

Karatu ya fitar da ni ƙasar, aiki ya riƙe ni a can. Na ga dajin da ganyensa ke yin ja ya zube gaba ɗaya, na kwana a tsibirin da tsuntsaye suka fi mutane yawa. Ko'ina na je da idon Kaka nake kallo, da haka na zama mai rubutu a kan itatuwa da tsuntsaye. Amma kafin in tafi na kama hannun yayana na kai shi bayan gida.

"Yaya, amana ce. Ruwa kawai, kuma kada a ɗaure masa igiyar shanya."

"Je ki abinki," ya ce. "In ina da rai, yana da rai."

Kowace shekara kuwa sai ya nemi mai tafiya ya aiko min da goro fari tas, a naɗe cikin ganye. In ɓare, in tauna, in kurɓi ruwa, in yi kuka ni kaɗai. Babin da aka fi so a littafina a kan wannan goron yake. Na tsaya gaban mutane a garuruwa da yawa na karanta musu shi, har da wurin da na cika baki na ce ko an rufe min ido zan fitar da goron Kaka cikin goro ɗari.

Sai da na shekara takwas ban zo gida ba. Da na tashi zuwa ban sanar da kowa ba. Na sauka daga trotro, motar haya, ko jaka ban ajiye ba na zagaya bayan gida. Ɗakuna uku na tarar, da siminti har bakin katanga. Wata 'yar haya tana wanki, na tambaye ta itacen.

"Itace? Ei, Hajiya, ni shekara shida ina nan ɗaki, ban gan itace ba."

Shida. Na tsaya ina ƙirga ƙunshin goron da na karɓa a cikinsu.

Yaya ya koma unguwar Asokore Mampong, can na same shi a ƙofar gida. Da ya ga fuskata bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Saiwar na fasa katanga, kuma gida na son ɗaki. Da na faɗa miki, za ki yarda?"

"Goron da kake aiko min fa?"

"Kasuwa. Ni da kaina nake zaɓo masu kyau." Ya ɗan yi dariya. "To ke ma ai ba ki gane ba. Har kin sa a littafi."

Saran itacen ya yi min zafi, amma da shi kaɗai ne da na haɗiye. Abin da ban yafe ba shi ne shekara shida yana zuwa kasuwa yana zaɓo min ƙarya, yana naɗe ta da kyau, ni kuma ina ɗauka ina raba wa duniya. Na faɗa masa haka, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo.

Ya shiga ciki ya fito da goro a faranti, yadda ake yi in ana neman sulhu. Ya san ba a mayar da goron babba a gaban mutane. Na ɗauki ɗaya na ɓare, na tauna, na kurɓi ruwa. Ina addu'a a raina ya yi ɗaci, ya bambanta ko da kaɗan ne.

Ɗacinsa gajere, zaƙin ya zo daga baya, daidai yadda na rubuta.