Wa Zai Raka Mu Bakin Ƙofa?

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, muna tsakiyar aiki a ɗakin injuna, direbanka ya shigo ba ko hula a kansa, ya tsaya kusa da ni bakinsa yana motsi. Sai da na kashe injin na ji abin da yake faɗi: ka yanke jiki ka faɗi a ofis bayan azahar, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Babban manajan kamfaninmu na robobi, wanda duk muke kira Yallaɓai, ya amsa kiran Mahaliccinsa.

Wanda ya san ni zai yi mamakin ganin wannan rubutu daga hannuna. Ni nake wakiltar ma'aikata, kuma duk shekara sai na zauna a gabanka na buga tebur a kan albashinka. Na taɓa ce maka, a gaban kowa, abin da kake ɗauka a wata ɗaya maigadinmu zai tsufa ya mutu bai gan shi da idonsa ba. Ba ka ɓata rai ba. Ka ajiye kofin shayinka ka ce, "Wakili, gaskiyarka. Amma ka san abin da daraktoci suke saya da kuɗin nan? Wuya suke saya. Ranar da abu ya lalace, a san wuyan da za a kama." Na ce, "To wallahi wuyan nan naka akwai tsada." Ka yi dariya har ka ƙware.

Ban yarda da kai ba a ranar, kuma ba zan yi maka ƙarya don ka mutu ba: har gobe ina ganin kuɗin ya yi yawa. Abin da ba zan iya musawa ba shi ne, wuyan kam ka ba da shi.

Na tuna ranar da injin niƙa roba ya kama hannun abokin aikinmu Dogo ya cinye masa yatsu biyu. Lauyan kamfani ya bi ka har mota yana roƙonka kada ka je asibiti, in ma ka je ka ja bakinka. Ka je. Ka tsaya gaban matar Dogo, tana goye da jariri, ka ce, "Ni ne. Ni na ce a jinkirta gyaran injin." Lauya ya dafe kai ya nemi benci ya zauna. Tun daga ranar, in ba ka kusa, Ni-ne muke kiran ka, kuma na san labarin ya kai kunnenka.

Sai maganar rakiya. In za a sallami ma'aikaci, ba ka aika kowa. Kai za ka sauko da kanka, ka faɗa masa ido da ido, sannan ka taka da shi har bakin ƙofa. Ba kowa ya gode maka ba. Uwar 'Yan Biyu ta sashen kwali, ranar da aka sallame ta, ta zage ka tas tun daga sito har ƙofa, kana biye da ita riƙe da kular abincinta. Na tambaye ka me wannan wahalar take ƙara wa wanda aka kora. Ka ce ba ta ƙara masa komai, amma tana hana ka korar mutum cikin sauƙi.

Yallaɓai, ga abin da ya hana ni barci. Bara ka kawo sabon injin yin jarkoki, kai ka zaɓe shi, ya yi ta fitar da jarkoki masu yoyo, 'yan kasuwa suka yi ta dawo mana da kaya. Daraktoci suka fara maganar rufe sashen jarka gaba ɗaya, sashen da nake ciki, da Dogo, da masu iyali da yawa. Ranar Litinin ka kira ni ofis ka ce taronsu Alhamis ne. Ka ce za ka tashi ka gaya musu kuskuren naka ne, su cire asarar daga albashinka, in bai isa ba su karɓi kujerarsu, amma su bar mu mu koma kan tsohon injin. Na fito na gaya wa mutanena su kwantar da hankali. Washegari ka tafi.

Ba a ɗage taron ba. Muna zaman makoki a ƙofar gidanka suka zauna. An ce sun miƙe tsaye sun yi maka shiru na minti ɗaya, sannan bakinsu ya zo ɗaya cewa lalle kuskuren naka ne. Laifin sun karɓa hannu bibbiyu, tunda mai shi ba ya nan. Sauran maganar, ta barin sashenmu, ba wanda ya ɗauko ta. Ƙarshen wata za a rufe.

Sun kawo sabon manaja, an ce albashinsa ya fi naka, da gida da motoci. Na je wurinsa, ya ce shawarar daraktoci ce. Na samu shugaban daraktoci yana shiga mota, ya ce kasuwa ce ta jawo. To kasuwa a wane ofis take, in je in same ta? Na yi shekaru ina faɗa da mutum ɗaya mai fuska da suna, yanzu ko wanda zan buga wa tebur na rasa. Mutanena suna tare ni a hanya suna cewa, "Wakili, ya ake ciki?" Wallahi ban taɓa jin ƙarfina ya ƙare irin na wannan makon ba.

Ranar jana'izarka na ga fuskokin da na daɗe ban gani ba. Mutanen da ka sallama ne, sun ji labari sun zo. Dogo ya kama makara da hannun nan nasa, ya ƙi saki har maƙabarta. Uwar 'Yan Biyu tana cikin gida wurin matarka Hajiya, an ce ta fi kowa kuka. Hajiya kuma ta aiko a gaya mini cewa ranar Talatar ko karyawa ba ka yi ba, kana ta kai-komo a falo kana maimaita abin da za ka faɗa wa daraktoci.

Ina miƙa ta'aziyyata, da ta dukkan ma'aikata, ga Hajiya da 'ya'yanka da 'yan'uwanka. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya albarkaci bayansa. Kai kuma Yallaɓai, Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, waɗanda ka amsa a gabanmu da waɗanda shi kaɗai ya sani. Allah ya sauƙaƙa maka hisabi a kan abin da ka karɓa, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Na yafe maka, kai ma ina fata ka yafe mini kaifin bakina.

Mun raka ka har inda ake raka mutum. Ƙarshen wata mu ma za mu tattara kayanmu mu nufi ƙofa, kuma ban ga wanda zai sauko ya taka da mu ba.