Ranar da na kalli fuskar surukina

Duk daɗewar da zan yi a duniya, ranar da na ɗaga ido na kalli fuskar surukina ba za ta fita a raina ba.

Lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Gwaram. Baban mijina makiyayi ne a Kwandiko, kuma tun da aka kawo ni gidansu ban taɓa haɗa ido da shi ba. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, kaina a ƙasa, don haka hannunsa na fi sani. Sai na lura igiyar da yake tufka wa maruƙa tana suɓuce masa, ƙaramin yatsansa ya fara lanƙwashewa, ga wani tabo fari-fari a damtsensa. Na san kuturta in ta taɓa jijiya, ko a tare ta da wuri, ko hannu ya tafi.

Na gaya wa mijina, ya ce shi kam ba zai iya tunkarar Baba da wannan magana ba. Namiji guda! Sai na daure na je da kaina.

"Baba, ku ba ni hannunku in duba."

Uwar mijina ta saki muciya ta ce, "Yau na ga ikon Allah!"

Ya miƙo hannun. Na ce ya rufe ido, na riƙa taɓa tafin da bakin biro. Ko na taɓa ko ban taɓa ba, sai ya ce, "Na ji." Na danna jijiyar gwiwar hannunsa, na ji ta yi kauri kamar igiya.

"Da zafi, Baba?"

"Babu komai, 'yata."

Mutumin da ya sha bulalar sharo bai motsa ba, ni zai ce wa da zafi? Sai na sake dannawa, na ɗago kai na dube shi sosai. Gefen idonsa ya tsuke, ya cije leɓe.

"Baba, gobe sai asibitin Birnin Kudu."

Likita ya tabbatar da abin da na gani, ya ce da an ƙara jinkiri da yatsun sun shanye. Baba ya sha magani wata da watanni. Da ya warware, sai ga aike daga gare shi: sabuwar igiyar shanya, tufkar hannunsa. Wallahi na fi alfahari da ita a kan takardar shaidar karatuna.

Har gobe kaina a ƙasa nake gaishe shi. Amma ranar na gane cewa wani lokacin girmama babba shi ne ka daure ka kalle shi.