Har Yanzu Ban Danna "Fita" Ba

Jiya da dare na yi wani mafarki da ya hana ni karyawa yau. 'Yan uwa, ku taimaka min da fassara, amma bari in fara faɗa muku wace ce Bilkisu.

Ƙawata ce tun sakandare. Tana digiri na biyu a babbar jami'a, ni kuma ina nawa a wata ƙarama da laburarenta ba shi da damar shiga mujallun bincike. Duk maƙalar da na nema a intanet sai in tarar da ita a kulle. Da na ishe ta da ƙorafi, ta ja kwamfutata, ta shiga shafin laburarensu da sunanta da lambar sirrinta, ta ce, "Uwar mita, ga shi nan. Kar dai ki danna 'fita', don ba zan dawo in sake buɗe miki ba." Da wasa ta faɗa. Da azumin bana Allah Ya yi mata rasuwa. Lambar ban san ta ba, shi ya sa ban taɓa fita ba. Da sunanta nake sauke maƙaloli har yau.

To, a mafarkin sai na gan ni cikin laburaren nasu, wanda ban taɓa takawa ba a zahiri. Kantocin littattafai sun yi sama har ba a ganin ƙarshensu, ƙasa kuwa yashi ne irin na tsakar gidanmu. Ina neman maƙaloli kan noman rani, na babin ƙarshe na kundin digirina. Mujallar da na zaro, da kwaɗo a jikinta. Sai kawai lasifika irin ta tashar mota ta ce, "Bilkisu, ana nemanki."

Sai ga ta cikin farin mayafi, takalmanta a hannu. Ta taɓa kwaɗon ya buɗe, ta juya ta nufi ƙofa. A waje akwai inuwar itatuwa da ruwa yana gudu. Ta kusa kaiwa, na zaro wata mujallar. Lasifika ta sake kira, ta dawo. Na san sarai ni ke jawo ta, wallahi na sani, amma hannuna ya ƙi tsayawa.

Sai kawai wata mata mai gilashi ta bayyana a kan tebur a bakin ƙofar, ta tare hanya da sanda, ta ce, "Wannan ba ta fita ba tukuna."

Bilkisu ta dube ni. Da ma faɗa ta yi min, da na fi samun sauƙi. Na ce, "Bilki, saura babi ɗaya fa." Ta zauna a kan yashin, ta ɗora takalman a cinya, tana jira in gama.

Kiran assalatu ya tashe ni. Kwamfutar na buɗe a gefen katifa, sunanta a saman shafin, "fita" a ƙarƙashinsa.

Yayata ta ce ai ilimi mai amfani ne, lada ke isa gare ta. Ina so in yarda, kuma saurin yardar tawa ke ba ni kunya, don ni maganar ta yi wa daɗi. In na danna, babina ya tsaya, ƙofar da ta buɗe min da hannunta kuma ta rufe ke nan.

Masu sani, don Allah ku faɗa min: lada nake aika mata, ko tsare ta nake yi a bakin ƙofa?